Sakin Layi Na Tara

Ni ce Voahirana, mai ɗaukar bayanin zama.
Kujerata na can ƙurya, kusa da butar shayi,
ba mai waiwayo na sai wanda bironsa ya ƙafe.
Kwana uku ke nan a Antananarivo,
'yan majalisa daga ƙetaren tekuna,
harshe ɗaya a baki, ciwo kowa da nasa.

Faransanci suke yi dukansu,
amma na matar Kebek ta hanci yake bi,
na mutumin Hayiti yana lilo kamar kwalekwale,
na ɗan Beljiyam a goge yake, kamar kwat ɗinsa.
Nawa a benci na tsince shi, da bulala.
In na yi barci, da Malagasi nake mafarki.

Sakin layi na tara ne ya riƙe mana ƙafa.
An rubuta: ya kamata ƙasashe su kare dajin bakin teku.
Bulemis, ɗan Banuwatu, ya ɗaga hannu:
a goge "ya kamata", a sa "dole".
Lhoest ya gyara tabarau, ya ce "dole" kuɗi ce,
kuma majalisarsa ba ta aiko shi da jaka ba.

Awa biyu a kan kalma ɗaya.
In goge, in mayar, in goge,
har takardata ta huje a wurin.

Sai Bulemis ya laluba aljihu,
ya fito da 'yar kwalba irin ta maganin tari.
Ya tsiyaya a kofi. Ya ce,
daga rijiyar gwaggona na ɗebo, ku ɗanɗana.
Aka yi tsit.
Marjolaine ta kurɓa, ta yamutsa fuska:
gishiri.
Ta ajiye kofin a hankali, kamar mai ajiye ƙwai,
ta ce gidan babanta yana kan wani tsibiri,
da can ƙanƙara ke tsare masa gaɓa,
yanzu teku na gutsurar lambun, taku biyu duk shekara.

Dorvilus na Hayiti ya ce mu tsaunukanmu sanƙo suka yi,
mun aske su mun dafa abinci.
Nan bironna ya yi tuntuɓe.
Yayana gawayi yake sayarwa.
Da buhun gawayi aka biya mini makaranta,
har na iya rubuta wannan da nake rubutawa.
Ban ce komai ba. Akawu ba shi da baki.

Wuta ta ɗauke.
Kafin janareta ya gama tari
sun ci gaba a cikin duhu,
ba a ganin tuta, ba a ganin allon suna,
sai muryoyi, kowa na nuna inda ɗakinsa ke yoyo.

Lhoest ya fita da waya a kunne.
Ya jima. Shayi ya huce.
Da ya dawo bai zauna ba, ya ce,
a sa "dole", a ƙara "cikin shekara goma",
zan kai gida, ban ce za su yarda ba.
Tafin da aka yi bai kai ya tashi tattabara ba.

Da na zo kwashe kofuna
na shanye ragowar ruwan gwaggon.

A motar haya, an matse ni da kwandon kaji,
na ƙirga buhunan gawayi a bakin hanya
har na ɓace a lissafi.
Na tarar da Inna tana fifita murhu,
shinkafa na ɓararraka.
Ta ce, me manyan suka yi yau?
Na ce, mun canza kalma ɗaya.
Ta ce, ana cin ta?
Ta miƙo mini mafici.
Na durƙusa ina fifitawa,
gishirin bai bar harshena ba.