Ba Ta Mutu Ba, Malam Nazifi

Minti goma sha biyu ka yi a kanta,
na duba agogo.
Ka zagaya ta sau ɗaya, wayarka a sama,
ka ɗauki hoton goshin da tifa ta murɗe
a shataletalen Dangi ranar Laraba,
ka ƙwanƙwasa ƙofa da gindin biro.
Ko bonet ba ka ɗaga ba.

Kwana tara, sai ga takarda da hatimi:
wai gyaranta ya fi kuɗinta,
wai in karɓi miliyan ɗaya da ɗari biyu
in miƙa makulli,
'yan gwangwan su feɗe ta.

Da wane ma'auni, Malam Nazifi?
Kuɗin nan ko a-daidaita-sahu na hannu
ba zai kawo ƙofar gida ba.

Shekara bakwai ina hawa benenku.
Kowace Janairu, kafin kuɗin makarantar yara,
naku nake fara cirewa.
Kuma cikakkiya na yanka,
ba 'yar takardar nuna wa masu tare hanya ba.
A lokacin ba ku ce ta tsufa ba.
Shayi ma kun taɓa ba ni, da kalanda.

Na sa an ja ta zuwa Ƙofar Ruwa.
Barau, da ya yi furfura a ƙarƙashin motocin mutane,
ya shimfiɗa kwali ya shige da tocila a baki,
ya daɗe har na zaci barci ya ɗauke shi.
Ya fito yana karkaɗe riga:
Hajiya, shasi miƙe yake kamar sandar awo.
Lagireto, bamba, fitila biyu,
bonet ɗan Beljiyam, sai fenti.
Ya rubuta a bayan kwalin filogi:
dubu ɗari shida da hamsin.
Ya haɗa waya biyu, ta yi tari,
ta sake tari,
ta tashi.

Ga muryarta nan na naɗo a waya.
Saurara.
Haka gawa take yi a garinku?

Ba zan kawo maka zancen Mamuda ba,
da giratutinsa ya saye ta,
bai shekara yana tuƙi ba ya rasu.
Ba zan ce kujerar har yau a tsawon ƙafarsa take ba,
matashi nake sakawa a baya.
Na san fom ɗinka ba shi da layin wannan.
Lissafi ka sani, to mu yi lissafi:
ɗari shida da hamsin
ta yaya ya fi miliyan uku da ake yi mata a kasuwa?
Shekara talatin na koyar da ɗebewa,
ƙila ma ka zauna a ajina.

Wanda ya ci ladan kuturu, ka san sauran.

Ba zan sa hannu ba.
Mayar da bironka aljihu.
Ka ce manaja yana mitin,
jiya ma mitin yake.
Na zo da darduma da butata,
da zogale a kula.
Ga kwalin Barau, buga masa hatimi.
Gobe ka turo wani mai ƙiyasin,
wanda ba ya tsoron baƙin mai a farar riga,
ya durƙusa ya leƙa cikinta.