Bargon Bonet

Da safe a Farin Gada, sanyi na cizon kunne,
na ɗaga bonet ɗin motar Baba,
na tokare shi da guntun icen da ya ajiye don haka,
sai ga bargon ciki ya zazzago
kamar leɓen tsohon raƙumi,
baƙi ƙirin, ya sha mai, ya sha hayaƙi,
gefe guda ɓeraye sun yi masa aski.

Davou ya leƙa, ya ja tsaki, ya goge hannu a wando.
Ya ce, “Wannan ai ya gama aikinsa tun bara.
Ka ga fentin sama ya fara bororo?
Injin ne ke dafa shi daga ƙasa.
Ranar da ya faɗo kana tafe,
ka san wuta ba ta sallama.”

Ni ban ma san da shi ba.
Shekara goma sha tara ina shiga motar nan,
na san kukan birkinta,
na san ƙofar da sai an ɗaga ta take rufuwa,
na san warin kabeji da tumatir da ya ƙi barin but,
amma abin da ke kwance tsakanin wuta da ƙarfe,
yana haɗiye ƙara don mu ji hirar juna,
ban taɓa ɗaga ido na dube shi ba.

Maɓallan roba goma sha ɗaya ke riƙe da shi.
Davou ya sa bakin sukudireba yana ɓamɓara.
Bakwai suka fito lafiya,
uku suka ruguje kamar ƙuli-ƙuli.
Na sha ɗayan ba maɓalli ba ne.
Waya ce, an murɗa ta sau uku,
an lanƙwasa bakinta ciki
don kada ta yanki hannun wani.

Na san wannan murɗin.
Shi ne a ƙyauren akurkin kaji,
shi ne a mariƙin butar shayi,
shi ya kai jakar makarantata ƙarshen zango.

Na ce, “Dakata. Wannan ni zan kwance.”

Da bargon ya sauko, ƙura ta tashi,
ɓawon gyaɗa ya zubo kan batir,
gyaɗar da yake ɓarewa da hannu ɗaya a hanyar Bukuru,
ashe ɓeraye na tara masa abin da ya zubar.

Yaron gareji, Tanimu, ya hau keke zuwa Dilimi,
ya dawo da na gwanjo a ka, kamar mai tallan tabarma,
yana rantsuwa sai da ya yi ciniki har muryarsa ta dushe.
Muka ɗaga shi mu uku,
huji ya sami huji, maɓalli ya ce ƙyas,
goma suka zauna daram.
Na sha ɗayan ya ƙi.
Ramin ya buɗe baki tun da daɗewa, ba robar da za ta kama.
Davou ya dube ni, bai ce komai ba,
ya miƙo min wayar.

Na murɗa sau ɗaya, sau biyu,
na uku ya karkace.
Bakinta ya soke ni a babban yatsa
kafin in koya mata sunkuyawa.

Na rufe bonet, na tayar.
Injin ya yi magana ƙasa-ƙasa
kamar mai gudun tada barcin wani.
Shirun ya yi min yawa.
Da ƙarar nan nake cike kujerar gefe.

Ina juya kan mota na hango tsohon bargon
an jefar da shi gindin tayoyi,
karen gareji ya zagaya shi sau biyu,
ya kwanta, ya cusa hanci cikin wutsiya.

Ashe bai gama aikinsa ba, Davou.