Lanƙwasa

Shekara arba'in wuƙa na hannuna,
a Zango, bayan shagon mai gyaran rediyo.
Jar fatar akuya ta san nauyin yatsuna.

Sai ga takarda daga ofishin masu sana'a:
gwamnati ta ɗauki rabi, ni rabi,
a biya bayan kaka.
Na dangwala. Tawada ta kwana uku a babban yatsa.

Injin ya iso kan amalanke,
yara na biye kamar an kawo kura.
Cima, autata, ita aka tura horo.
Ta zana tauraron jaka a kan gilashi,
ta taɓa, ya yanka sittin
kafin shayina ya huce.
Ko ɗaya bai karkace ba.
Abin da ya dame ni ke nan.

Ran Alhamis, kasuwar Dole na ci,
aka ɗauke wuta tun hantsi.
Injin ya yi tsit kamar duwatsun Birni.
Na zaro wuƙa daga ƙarƙashin buzu,
na wasa ta, na tofa bisimilla.

Cima ta kife waya, ta matso.
"Baba, yi a hankali.
Wannan lanƙwasar nake so in koya masa."