Igiyar Guga

A hawa na bakwai a birnin Pune
ruwan damina na marin gilashi,
shayin citta ya huce a gefen hannuna.
Manhajar da nake zanawa ta tsofaffi ce,
mai tuna musu lokacin shan magani.

Ranade, shugabanmu, ya ce in ƙara jan ɗigo,
in ƙara ƙararrawa,
waya ta riƙa zillo a aljihu kamar kifi a fako.
Wai duk idon da ya bar allo asara ce.

Sai na tuna kakata Godavari
a bakin rijiyarmu ta Wai, da almuru,
ranar da na ƙwalla ihu: maciji!
Ta ɗaga fitila.
Igiyar guga ce, jiƙaƙƙiya, a naɗe.
Ta ce, Mridula, ke kika haife shi,
ke kika kashe shi, igiya ko motsi ba ta yi ba.
Adwaita, ta ce, babu na biyu.
Ta miƙo mini guga, ta ce ja ruwa.

To macizai nawa na tufka da hannuna
na zuba wa mutane a aljihu?

Na goge ɗigon.
Na goge kirgen da ke tsawa: ka makara! ka makara!
Maɓallai tara suka koma ɗaya,
shi ma sai da na daɗe ina kallonsa.
Na bar fili fari, wanda ba ya roƙon komai,
kamar sararin da ke cikin tulu,
wanda in tulun ya fashe
ba ya zuwa ko'ina.

Ita tsohuwar takan birkice gida neman tabarau
alhali yana kan hancinta,
da shi ma take neman.
Irin allon da nake so ke nan:
a gani da shi, a manta da shi.

Da safe muka gwada wa wani dattijo, Bhalchandra.
Wayar ta yi numfashi sau ɗaya.
Ya haɗiye ƙwayarsa, ya kife ta a kan tebur,
ya fita ba wa tulasi ruwa.

Ranade ya dubi alƙaluma:
daƙiƙa huɗu kacal! Ina aikin da kika yi?

Na nuna masa taga.
Dattijon na can tsugune,
ruwa na bin yatsunsa zuwa ƙasa.