Matakala Ɗari da Sittin da Uku

Gidanmu a kan tudu yake, a Valparaíso,
matakala ɗari da sittin da uku daga titi zuwa ƙofa.
Shekara biyar muna hawa, ba mu taɓa ƙirgawa ba,
sai da Amparo ta fara tsayawa a ta arba'in,
hannu a ƙugu, tana cewa teku take kallo.
Teku kuwa yana bayanta.

Ranar da likita ta ce mana juna biyu ne
bakina ya mutu. Na fita na sayo lemun tsami kilo uku,
har yau ban san dalili ba.
Ita ta yi ta dariya har da hawaye,
dariyar ta ƙare, hawayen suka ci gaba da tafiyarsu.

Aikin dare nake yi a tashar jiragen ruwa,
ina ɗaga kwantena da ƙugiya daga can sama,
tan ashirin, tan talatin, hannuna bai taɓa rawa ba.
Amma da ta miƙo mini 'yar safar da ta saƙa,
wadda babban yatsana kaɗai ya cika,
sai na tallabe ta kamar ɗanyen ƙwai.

Ƙarnin kifi a rigata ya kore ni baranda wata biyu.
Wani daren hutuna ta tashe ni ƙarfe uku,
gasasshiyar masara take so, da cuku.
Na sauka, na zaga gari, na hawo ina haki,
na iske ta tana barci, baki a buɗe.
Na zauna a bakin gado na cinye abina.

Tsohuwa Otilia ta ƙasanmu ta ɗaura zobe a zare,
ta lila shi bisa cikin, ta ce mace ce, ko tantama babu.
Mai burodi ya ce namiji ne, ai cikin ya yi tsini.
Mu kuwa mun roƙi likita ta riƙe sirrinta.

Suna ne ya haɗa mu faɗa.
Na so Baldomero, sunan mahaifina,
wanda ya fita su ina ɗan shekara tara, bai dawo ba.
Ta ce ba za ta kira ɗanta
da sunan da teku ya riga ya sani ba.
Kwana biyu muna magana ta bakin kyanwa.

A watan Yuli, cikin sanyi da yayyafi,
ƙasa ta yi 'yar girgizar da ta saba.
Kofuna suka kama surutu, karnukan unguwa suka amsa,
muka tsaya a bakin ƙofa yadda aka koya mana tun muna yara.
Na ce, ta lafa.
Ta kamo hannuna ta ɗora ƙasan cibiyarta,
ta ce, ina ta lafa? Ji nan.
Wani ɗan dunduniya ya buga mini gaisuwa,
sau ɗaya, sai kuma sau biyu a jere.
Duk girgizar da na gani a rayuwata
babu wadda ta zaunar da ni a ƙasa sai wannan.

Saura mako uku.
Jaka tana bakin ƙofa, an zazzage an sake shiryawa sau biyar.
Gadon da na haɗa da katakon akwati ƙafa ɗaya ta gaza,
ta ce in bar shi, zai riƙa jijjiga kansa.

Daga kan ƙugiya ina duban tudu da dare,
ina laluben tagarmu cikin dubban fitilu.
Kai ne ko ke ce, ban sani ba,
gida dai yana da nisa daga titi.
Hawan farko a ƙirjina za a yi shi,
kuma a ta arba'in za mu tsaya,
mu juya, mu kalli teku da gaske.