Gayyar Dare

Ƙarfe biyun dare a Tudun Wada,
unguwa ta yi tsit, ko kare ba ya haushi,
sai kwamfutata kaɗai ke huci a kan tebur
kamar wadda ta sheƙo da gudu daga Kawo zuwa Kakuri,
alhali ko ƙofar gida ban aike ta ba.
Na taɓa cikinta: zafi rau, kamar kaskon suya.

Ni mai buga takardu ce. Shekara tara ke nan
ina buga wa ɗaliban Poli aikin kammala karatu,
gyaran waƙafi kyauta.
Da ita na biya haya, da ita aka yi wa Inna aikin ido.
Ban san tana da wani ubangida ba a duniya.

Datar wata guda sai ta ƙare a kwana shida.
Na zagi kamfani, na tuhumi Mudi ƙanena
har ya yi kwana biyu ba ya cin tuwona.
In na danna harafi sai ta yi dogon tunani,
kamar tsohuwar da aka tambayi shekarunta.
Ashe ba tsufa ba ne, gajiya ce ta aikin wuya.

Basira ce ta duba, 'yar gidan Malam Tasi'u,
mai gyara a wani lungu kan titin Ahmadu Bello.
Ta yi shiru, ta tura gilashinta sama, ta ce:
"Anti, an kama kurwarta.
Manhajar kyautar nan da kika sauke da azumi,
ita ta zare sakata daga ciki.
Akwai wani, ban san garinsu ba, ban san yarensa ba,
in ya tafa hannu taki ta miƙe,
ta wani likita a Barnawa ta miƙe,
da ta ɗan makaranta a Rigasa, da dubbai a hayin teku,
su taru a ƙofa guda su yi ta bugu har ta faɗi,
ko su bi gari suna raba wasiƙun ƙarya."

Na ce, to ai gayya ke nan!
Sai dai gayyar da na sani a ƙauyenmu, can wajen Giwa,
ana aiko goro, ana dama fura,
mai gona ya tako da ƙafarsa ya yi godiya.
Wannan kuwa ya ɗauki fartanyata ina barci,
ya tone shukar mutane da ita,
ya jingine mini kafin asuba, da danyar ƙasa a bakinta.
Ban ci nanin ba.
Amma in an bi sawu, a ƙofata za a tsaya.

Yini biyu muka yi muna wanki.
Ta kwashe takarduna gefe, ta share cikin tas, ta zuba sabo.
Ta tambayi kalmar sirrina, na faɗa ƙasa-ƙasa:
sunana da shekarar haihuwata.
"Wannan ai labule ne, Anti, ba ƙyaure ba."
Har ta akwatin intanet ɗin da ke rataye a bango ta canza,
wanda tun da aka kawo shi ƙura kawai nake share masa.
Saƙon sabuntawar nan kuwa da nake kora kullum,
anjima, anjima, kamar mai bin bashi,
ashe magini ne ya zo liƙe tsagar katanga
nake mayar da shi da kwaɓinsa a ka.
Na sunkuyar da kai don kunya.

Yanzu ɗalibi in ya miƙo filashi, sai an caje shi tukuna,
ko ɗan waye. Wasu su yi tsaki. Su yi.
Kyautar da ban san mai ita ba, na bar ta a hanya.

Da dare nakan kashe ta, in tsaya in kasa kunne.
Shiru.
Sai in tuna da ta likitan Barnawa,
wataƙila yanzu haka tana huci ita kaɗai a duhu,
mai ita ya kulle get da kwaɗo biyu,
yana barcinsa lafiya.