Zurfin Kasko

A Geumsan, ƙarƙashin rufin leda,
inda ake tace rana kamar gasara
kafin a bar ta ta taɓa ganye,
Ham Jeong-rye ta jera kasake a benci uku.
Iri ɗaya, ƙasa ɗaya, ruwa bisa awo.
Kaskon kaɗai ya bambanta.

Jinsen ba mai surutu ba ne.
Ganye uku ya miƙo a shekarar fari, ya kama bakinsa,
sauran zancen yana can ƙasa.

Da kaka ta kife su ɗaya bayan ɗaya,
tana busa ƙasar da ta maƙale.
Na ƙaramin kasko ya sauka da niyya,
ya yi karo da gindi,
ya rasa ta yi, ya naɗe kamar ƙugiya.
Ganyensa kuwa shar,
wa zai ce akwai abin da ke damunsa?

Na babban kasko, wanda ta sa wa rai,
ruwa ya kwanta masa a ƙafa tun damina,
tsinin ya yi baƙi, yana warin rijiyar da aka daina ja.
Ashe yalwa ma tana ruɓar da saiwa.

Na tsakiya, mai zurfi, mai tsukakken baki,
shi ya fito fari, sambal,
da 'yan gashinsa kamar gemun da bai kai ba.
Ta ɗora shi a sikeli. Ta sake ɗorawa.

Pyo mai gonar ya leƙo, biro a kunne:
"Ƙananan sun fi shiga benci,
ɗari biyu a wurin tamanin.
Lantarki ba kyauta ba ne."
Ba ta musa ba. Lissafinsa daidai ne.

Sai dai daren jiya Do-gyeom ya kira daga Seoul,
daga ɗakin hayar da ba taga,
yana dariya, wai in zai miƙe ƙafa
sai ya tura ta ƙarƙashin tebur.
"Lafiya lau nake, Umma."
Muryar shar.

Littafin awo yana da gurbin tsawo,
gurbin kauri, gurbin nauyi.
Ta duba har bangon baya,
babu inda ake rubuta lanƙwasa.

Ta ɗauki naɗaɗɗen, ta gwada miƙe shi da babban yatsa,
a hankali, a hankali,
ta ji yana shirin karyewa, ta bari.
Ta sa shi a aljihun riga, da ƙasarsa,
ta fita waje inda waya ke kamawa.